Shekarar da Na Rufe Shago Ina Karya Katako

Ku da kuka taso kuka iske sunana a bakin kafintocin Daura, na san kuna jin maganganu iri-iri a kan shekarar da na rufe shago. Wasu sun ce taɓin hankali ne ya same ni, aka yi mini magani na warke. Wasu sun ce Kano na sulale a ɓoye, wani baƙo ya koya mini aikin, na dawo ina cewa nawa ne. To, tunda Allah ya bar ni da raina, idona kuma bai gama tafiya ba, bari in rubuta muku yadda abin ya faru, don kada bayan ba ni ku rasa abin da za ku gaya wa naku 'ya'yan.

A hannun Baba Iro na koyi kafinta, a wata rumfa da ke kan hanyar da za ta kai ka Kusugu. Mutum ne da bai san wasa da aiki ba. A wurinsa, in za ka haɗa katako biyu a kusurwa, sai ka fafe rami a jikin ɗaya, ka fiƙe harshe a jikin ɗayan, ka zura su shiga juna har su kame. Ƙusa kuwa, in ji shi, makamin malalaci ce. Da madaci muke aiki da sauran katakon kudu masu nauyi, irin wanda uwa za ta yi aure da kabad ɗinsa, 'yarta ma ta tafi da shi nata ɗakin. Na daɗe a ƙarƙashinsa kafin ya sa mini albarka na buɗe nawa shagon, kuma har na haifi huɗu daga cikinku ban san wani katako ba sai irin wannan.

Sannu a hankali katakon kirki ya fara gagarar mutane. Motocin kudu suka rage zuwa, wanda ya zo kuma talaka ba ya iya taɓa shi. Ana cikin haka sai wani allo ya fara shigowa daga Kano, wanda dillalai ke kira em-di-ef. Manyan fallaye ne shafaffu, an lulluɓe fuskarsu da wani abu mai ƙyalli, wani launin madara, wani launin goro, wani har kana ganin fuskarka a ciki. Amma in ka sa zarto ka yanka ka duba ciki, ba za ka ga jijiya ko ɗaya irin ta itace ba. Garin katako ne aka kwaɓa da gam, aka matse da inji. Ranar da na fara kawo guntunsa gida, mahaifiyarku, wadda kun san sana'arta man gyaɗa ce da ƙuli-ƙuli, ta karɓa ta juya, ta ƙanƙare gefensa da farce.

Ta ce, “Malam, wannan ai tunkuza ce. Abin da ya rage bayan an gama matse mai.”

Muka yi dariya, sunan kuma ya bi shi a gidanmu har yau. Amma mata suka so shi, iyayen amare suka so shi, don yana da kyau kuma yana da sauƙi. Mu kafintoci sai muka bi yadda muka ga ana yi a kayan da ke zuwa daga Kano: a jera fallaye biyu a kusurwa, a shafa ɗan gam, a buga ƙusa, a rufe kan ƙusar don kada a gani. Aikin mako uku ya koma na kwana uku. Ni ma na yi, ba zan ɓoye muku ba, kuma na ji daɗin abin da nake samu.

A shekarar ne gwaggonku Hure ta tashi aurar da 'yarta Safiya a Sandamu. Kun san Yaya Hure ce ta goya ni bayan rasuwar innarmu, ita ce uwa a gare ni, kuma har na yi furfura ba ta daina kirana Auta ba. Safiya ta gama karatun ungozoma, za ta auri wani malamin makaranta da suka daɗe suna son juna. Na ce wa Yaya kada ta sayi kabad, ni zan yi, gudummawata ke nan. Na zaɓi allo mafi kyau, na yi kabad mai ƙofa uku, ta tsakiya da gilashi. Duk wanda ya wuce ta gaban shagona sai ya tsaya ya kalla. Aka ɗora shi a akori-kura aka kai Sandamu, na bi bayansa a kan babur ɗina ina jin kaina kamar wani sarki.

Ranar jere, mu maza muna zaune a ƙofar gidan ango bayan azahar, mata na ciki suna shirya ɗakin amarya. Yaya Hure tun Safiya na firamare take tara mata kwanuka da tangaran daga ribar daddawar da take sayarwa, yau biyu gobe ɗaya, tana ɓoyewa a ƙarƙashin gado. Su ne aka fito da su ana jerawa a cikin kabad ɗina, hawa bayan hawa. Muna cikin hira sai muka ji wata ƙara kamar an kayar da rumfa, sai tartsatsin fashewa da bai ƙare da wuri ba, sannan salatin mata. Ban san lokacin da na kutsa cikin gidan ba tare da sallama ba. Kabad ɗin ya karkace gefe ɗaya ya kwanta kamar raƙumin da ya gaji, kusurwowin sama duka sun buɗe baki, ƙasa kuwa fari fat da fasassun tangaran. Allah ya tsare, babu wadda ta ji rauni. Sai na ji wata dattijuwa daga dangin ango tana tambaya.

“Wai kafintan wane gari ne ya yi wannan aikin?”

Wata ta amsa mata a hankali, “Ƙanen uwar amarya ne. Ga shi nan tsaye.”

Da Yaya Hure ta zage ni, da ya fi mini sauƙi. Ba ta zage ni ba. Ta sunkuya ta tsinci wani guntun allo da ƙusa ke maƙale a jikinsa, ta zo ta sa mini a hannu.

Ta ce, “Auta, ga kayanka. Ni ban san katako ba. Abin da na sani, wanda na goya bai saba ba ni kunya ba.”

A hanyar dawowa na tsaya a gindin wata tsamiya na fito da guntun nan daga aljihu. Ƙusar ta shiga gefen allon ta tsaga shi gida-gida kamar shafukan littafi. Gam ɗin da na shafa kuwa babu ko alamarsa, wurin a bushe yake ƙayau. Wato tun a kan hanya, girgizar mota ta riga ta kwance haɗin, nauyin kwanuka ƙarasawa kawai ya yi. Sai wani tunani ya zo mini wanda ya fi kunyar zafi: kabad nawa na yi irin wannan? A ɗakunan mata nawa suke tsaye yanzu, da yara suna rarrafe a ƙarƙashinsu?

Washegari na tafi wurin Baba Iro na ba shi labari. Ya saurara har na gama, yana goge wata ƙafar kujera bai ɗago ba.

Ya ce, “Lawal, tun ranar da abin nan ya shigo gari na gaya maka ba katako ba ne. Kyan ɗan maciji ne da shi. Ka bar shi ka koma wa madaci.”

Na ce, “Baba, wa ke iya sayen madaci yanzu? In na bar shi, wasu ba za su bari ba. Mata za su ci gaba da saye, yana ci gaba da faɗuwa.”

“To me za ka yi masa? Addu'a?”

Na ce, “Ina so in san inda yake karyewa, da abin da ke karya shi.”

Ya dube ni ya girgiza kai ya koma kan aikinsa.

Lokacin kaka ce, an cika rumbuna, biki ta kowace unguwa. Duk kafinta ya san a 'yan watannin nan ake samun abin da za a ci shekara. Ina da aikin ɗakin amare huɗu a hannu. Na bi gidajen ɗaya bayan ɗaya na ba da haƙuri, na ce su nemi wani. Ma'aikatana biyu suka koma wurin Sale, abokina da muka yi koyo tare a rumfar Baba Iro, wanda a lokacin shagonsa ya fi na kowa kasuwa. Na sa kwaɗo a shago, na sayar da babur ɗina, na sayo fallayen allo da gam da sukurori na jibge a tsakar gida. Mahaifiyarku ta tsaya a bakin madafa tana kallona, ludayi a hannu.

Ta ce, “Duk wannan na waye?”

Na ce, “Na karyawa ne.”

Ta ce, “Har yaushe?”

“Har sai na yi haɗin da zan iya sa sunana a kai.”

Ta koma ta juya abin da ke kan wuta, ta ce ba tare da ta waiwayo ba, “To, gyaɗa dai ba ta ƙare a kasuwa ba. Ka yi.”

Ku riƙe wannan maganar. Wata huɗu cur man gyaɗarta ne ya ciyar da gidan nan, ba ta taɓa yi mini gori ba ko da da ido.

Ga yadda na yi. Nakan yanka guntaye biyu, kowane tsawon taƙi ɗaya da 'yan yatsu, in haɗa su kusurwa. Sai in ɗaure ɗaya a jikin dirkar rumfa, ɗayan ya miƙo waje kamar hannu. A ƙarshen hannun in rataya bokitin fenti, in riƙa zuba yashi da kwanon sha, ɗaya bayan ɗaya, ina ƙirgawa har haɗin ya saki. Abin da ya ɗauka in zana da gawayi a bango. Kowane irin haɗi sau uku nake yinsa, don sau ɗaya yana iya zama sa'a. Na fara da irin wanda na yi wa Safiya, ƙusa da ɗan gam. Kwano huɗu ya ɗauka, a na biyar ya buɗe. Na zauna a kan turmi ina kallonsa, na ce a raina, ashe wannan na ba Yayata.

Daga nan na koma kan sukuru. Na ɗauka zai fi ƙusa nesa, amma da na murɗa shi kai tsaye a gefen allon, sai ya tsaga shi kamar yadda ƙusa ta yi. Sai da na ɓata falle guda kafin na gane sai an fara huda masa hanya da injin huda, rami ɗan siriri da bai kai kaurinsa ba, kuma kada a matso da shi kusa da baki, a bar kamar faɗin yatsa uku. Da na yi haka, ya kai kwano tara. Sannan na tuna da harshe da ramin Baba Iro. Wannan allon ba ya fiƙuwa ya yi harshe, marmashewa yake yi. To, in ba shi da harshe, me zai hana a ara masa? Na tsinto ragowar madaci a shago na fiƙe 'yan turaku masu kaurin ƙaramin yatsa, na huda rami a fallayen biyu daidai da juna, na shafa gam, na zura turakun suka shiga nan suka shiga can. Ya haura sukuru, amma bai kai inda nake so ba. Duk lokacin da ya saki na duba, sai in iske gefen allon a bushe, kamar ban taɓa sa gam ba.

A nan na maƙale kusan mako uku. Na ƙara gam, na canza gam, duk ɗaya. Unguwa kuwa ta ɗauka. Maƙwabta suna jin ƙarar karyewa da faɗuwar bokiti daga safe zuwa la'asar, wani lokaci su ji ni ina magana ni kaɗai. Kawunku Habu ya zo ya tsaya yana kallon zanen gawayin da ya cika bango, ya fita, ya dawo da yamma da rubutu a kwalba, wai in sha don Allah. Na karɓa na sha, don ayar Allah ba ta yi wa kowa yawa, na ce masa lafiyata ƙalau. Bai yarda ba. Sallah kuma ta zo a tsakiyar wannan hali. Hauwa, ke kina da wayo lokacin, na san ba ki manta shekarar da kika fita yawon Sallah da atamfar bara da aka sake wa kalmasa ba. Kin yi kuka a bayan ƙyaure, kina tsammanin ban ji ba. Na ji, kuma ranar saura kaɗan in je in buɗe shago in koma wa ƙusa.

Abin da ya hana ni ya faru ne bayan Sallah da kwana biyu. Ina zaune da hantsi ina shafa gam a gefen wani guntu, mahaifiyarku ta zo wucewa da tire, ta tsaya a kaina.

Ta ce, “Sake shafawa in gani.”

Na shafa. Kafin mu ƙifta ido gefen ya shanye shi.

Ta ce, “Ai ƙishirwa gare shi. Sabuwar tukunyar ƙasa in ka zuba mata ruwan sha kai tsaye, ita za ta shanye maka. Sai an fara shayar da ita ta ƙoshi, sannan ta riƙe abin da ka zuba.”

Ta wuce abinta. Ni kuwa na daɗe riƙe da guntun nan. Na tashi na sirka gam da ɗan ruwa, na shafe gefen allon, na bari ya sha ya bushe. Sannan na shafa gam na sosai, na zura turaku, na matse da ƙarfen matsi na bar shi ya kwana. Da safe na rataya bokiti. Kwano goma, bai motsa ba. Sha uku, sha biyar. Ya saki a na sha shida, kuma da na duba, a karon farko gam ɗin ya ciro naman allon ya taho da shi. Na yi kabbara da ƙarfi har awakin maƙwabta suka watse. Ina jin wannan kabbarar ce ta ƙara tabbatar wa Habu da zancensa.

Daga nan hanya ta buɗe. Na gane in aka haɗa turaku da sukuru biyu masu hanya, sannan aka manna ɗan katako na gaske a cikin kusurwar ta ciki inda ido ba ya gani, bokiti yakan cika haɗin bai saki ba. Da na gina ƙaramin kabad na gwada tura shi ta gefe, na gane kuma wani abu: bayan kabad, wanda muke ɗauka rufin asiri ne kawai mu maƙala da 'yan ƙusoshi, shi ne ke hana shi karkacewa. Sai na riƙa fafe masa dogon rami siriri a jikin fallayen huɗu, ya zauna a ciki da gam. Ƙafafu kuma na katakon gaske, don in ruwan wanke ɗaki ya taɓa tunkuza, kumbura take yi. Ban ce ni na ƙirƙiro waɗannan abubuwa a duniya ba. Daga baya wani malamin makarantar koyon sana'a ya gaya mini akwai su a littattafai. Amma littafin bai zo Daura ba, bokitina ne ya zo.

Da na tabbata, na gina wa Safiya sabon kabad a tsakar gida, sannan na koma wurin Baba Iro na roƙe shi ya tara mini kafintoci. Shi ne babba a cikinmu, in ya kira ba mai ƙin zuwa. Na ce ya zo da haɗinsa na madaci, Sale ma ya zo da nasa.

Ya ce, “In ka sake jin kunya fa? Wannan karon a gaban gari ne.”

Na ce, “Sai an gwada akan san na ƙwarai, Baba. Kai ka koya mini.”

Ranar Juma'a bayan la'asar aka taru a gindin bedin da ke gaban shagona. Kafintoci sun fi ashirin, ga 'yan kallo da suka ji za a ga abin da mahaukaci ya yi wata huɗu yana yi. Na ce Baba Iro ne zai zuba yashi da hannunsa, don kada a ce na yi wayo. Aka fara da na Sale. Kwano huɗu, na biyar bokiti ya faɗi ƙasa. Sale mutum ne mai jiki da murya, ya ce sam, an yi masa sauri, gam ɗin bai gama kamawa ba. Ya aika shagonsa aka ciro kusurwa daga wani kabad da ya gama tun makon jiya. Aka rataya. Ya kai biyar, ya bi ɗan'uwansa. Babu wanda ya yi dariya, don kowa a wurin irin wannan haɗin yake yi, kuma kowa ya sani.

Aka ɗaura na Baba Iro. Bokiti ya cika fal, madaci ko gezau. Mutane suka ce ai dama. Sannan aka ɗaura nawa. Baba Iro yana zubawa, taron yana ƙirgawa da baki ɗaya. Da aka wuce goma na ga wasu sun matso. Da aka wuce sha biyar Sale ya cire hularsa ya riƙe a hannu. Bokiti ya cika har yashi na zubowa, haɗin yana nan yadda yake. Wani ya ce a ƙara. Aka ɗora dutse a kan yashin, aka ƙara wani. A na uku muka ji ƙas, bokiti ya faɗi. Baba Iro ya sunkuya da ƙyar ya ɗauko guntun, ya kai shi kusa da idonsa, ya daɗe yana juyawa. Sannan ya ɗaga shi sama yadda kowa zai gani.

Ya ce, “Ku duba da kyau. Allon ne ya karye a tsakiya. Haɗin yana nan bai buɗe ba.”

Ya juyo gare ni, a gaban mutanen nan duka, ya ce, “Madaci ya fi shi, wannan ba gardama. Amma Lawal, ka sa tunkuza ta yi abin da ban zaci za ta yi ba. Allah ya yi maka albarka.”

Shekarun da na yi a rumfarsa ban taɓa jin ya yabi aikin hannun wani ba. Na sunkuyar da kai don kada a ga idona.

Sale dai bai haƙura ba. Ya ce guntu daban, kabad daban. Na sa aka fito da sabon kabad ɗin Safiya aka tsayar a fili, na ce ya hau kai da kansa. Aka yi ta dariya, aka kawo benci, mutum biyu suka tallafa masa ya haye ya zauna, ƙafafu na reto. Na sa ƙarti biyu suka tura daga gefe, shi kuma yana jijjiga jiki a sama iya ƙarfinsa. Kabad ɗin ko ƙara bai yi ba, ƙofofinsa suna buɗewa suna rufewa lafiya lau. Sale ya daina jijjigar, ya leƙo daga can sama.

Ya ce, “Lawal, don Allah, turakun nan guda nawa kake sa wa kowace kusurwa?”

Taron ya fashe da sowa. Habu ya ja hannun rigata ya raɗa mini kada in faɗa, wai wannan ne arzikina, in riƙe shi. Na dubi fuskokin kafintocin nan. Kowane kabad da za su yi gobe, ɗakin 'yar wani zai shiga. Na sa aka kawo mini injin huda da gam, na yi haɗin a gabansu daga farko har ƙarshe, ban rage komai ba, har da shayar da gefen allo, kuma na gaya musu wannan ba dabarata ba ce, ta mai ɗakina ce. Sai da aka kira magariba muka watse.

Kwana biyu bayan haka na kai kabad ɗin Sandamu ta hanyar nan dai, na ce wa direba kada ya kauce wa rami ko ɗaya. Yaya Hure ta zo gidan Safiya ta zagaya shi, ta kama shi da hannu biyu ta girgiza, ta buɗe ta rufe, ta sa aka jera masa tukwanen ƙarfe da duk wani abu mai nauyi da ke gidan. Ta ja da baya ta daɗe tana kallo.

Ta ce, “Auta, wanke hannu. Na yi maka dambu.”

Habu ya yi kuskure da ya ce zan rasa arziki. Da na buɗe shago, iyayen amare suka riƙa zuwa daga Zango, daga Mai'aduwa, daga ƙauyukan da ban taɓa takawa ba, suna cewa a yi musu irin wanda Sale ya hau. Ma'aikatana suka dawo, na ƙara wasu. Kafin shekara ta zagayo na sayi wani babur, kuma da wannan shagon na yi muku karatu dukanku. Har aka kai lokacin da in kafinta ya ce wa mace kayansa masu ƙarfi ne, sai ta ce ya hau ta gani.

Bara na je Mashi sunan jikan wani aminina. Ina jiran mota a bakin kasuwa, rana ta yi zafi, na fake a rumfar wani kafinta, magidanci mai gemu da ban taɓa gani ba. Na iske shi yana ciniki da wasu mutanen Nijar da suka zo sayen kayan ɗaki, yana nuna musu cikin kusurwar wani kabad yana bubbugawa da hannu, yana ce musu wannan haɗin Daura ne, ko a raƙumi aka ɗora shi ba zai saki ba. Da suka tafi na tambaye shi inda ya koya.

Ya ce, “Wurin maigidana, Baba. Shi kuma ya ce asalinsa daga wani tsohon kafinta ne a Daura, wanda ya koya wa kowa bai karɓi ko sisi ba. Na ji ya daɗe da rasuwa, Allah ya jiƙansa. Da wannan aikin nake ciyar da mutum tara.”

Na ɗaga hannu na ce amin, don addu'ar da ta riga mutum isa can ba asara ba ce.

Ya ce, “Baba, na ji harshenka kamar na Daura. Ko ka san shi?”

Na ce na san shi ƙwarai.

Ya ce, “To don Allah, in ya bar 'ya'ya, ka gaya musu wani a Mashi ya ce an gode.”

Na yi masa alkawari zan isar. To, ga shi na isar.